Rajistar Aji Biyar, Dadin Kowa

Da fensir nake rubuta sunayensu,
ba don biro ya ƙare ba.
Ruwa ke kawo min su, ruwa ke kwashe su.
Dam ya cika, aji ya cika;
kifi ya yi ƙasa,
benci ya koma zaman makoki.

Yagana ta zo ran Talata,
takardar shaidarta naɗe a ledar burodi.
Baga, Numan, sannan nan.
Duk inda ta sauka, sai a mai da ita shafin farko.
Ta san bakin kowane littafi,
kamar mai gutsurar gefen tuwo
a ɗauke kwanon kafin ta kai ga miya.

Wata safiya na ce, me kuke so ku zama?
Shiru, sai injin markaɗe a bayan katanga.
Agyo, mai ƙamshin fetur a yatsu, ya ɗaga hannu:
"Malama, me da me ake zama?"

Tambayarsa ta fi tawa nauyi.
Na goya ta har gida, na kwana da ita.
Ni ma da nake yarinya a Hinna
uku na sani: malanta, jinya, ɗinki,
na ɗauki wadda ta fi kusa da ƙofarmu.

Ran Alhamis na rufe aji, muka taka da ƙafa,
mu ashirin da uku da jarkar ruwa ɗaya,
har bakin dam, wurin Baba Barnabas
mai duba ma'aunin ruwa yana sawa a littafi.
Kafin ya buɗe baki Yagana ta ce,
"Ya ja baya da taƙi ɗaya tun Lahadi."
Ya duba shafinsa. Ya dube ta. Ya sake duba shafin.
"Wa ya gaya miki?"
"Dutsen can ne, da ba a ganin kansa."
Ya cire tabarau ya ce, "Yarinya,
abin nan da kike yi a banza, aiki ne.
Yana da suna, yana da makaranta,
ƙarshen wata har albashi gare shi."
Ta rufe baki da gefen mayafi,
amma na ga dariyar ta tsere ta ido.

Agyo kuwa ya manne a jikin waya
yana sauraren rurin injinan wuta,
kansa a karkace,
yadda yake yi wa injin kwalekwalen babansa in ya yi tari.
Sai da na ja shi da riga.

Ba su yi wata biyu ba bayan nan.
Na ga an ɗaure kwalekwale a kan mota,
koma, tukwane, kaji a kwando.
Na yi gudu, abin da ban yi ba tun ina budurwa,
na cusa mata takarda a ledar burodin:
Zuwa ga duk malamin da ya samu wannan yarinya,
ta kai shafi na sittin da biyu a lissafi.
Don Allah kada a mai da ita baya.
Tana karanta ruwa. Ga lambata.

Na Agyo na hannuna, motarsu ta riga ta tashi.
Tana nan a aljihun jaka, ta fara yin laushi.

Hedimasta ya ce in goge waɗanda suka tafi.
Na ce to.
Magogin yana kan tebur har yau.

Jiya bayan la'asar, baƙuwar lamba ta yi min filashin.
Na kira da ragowar katina.
Muryar namiji, iska na kaɗa ta, kamar daga bakin kogi:
"Daga Ibi ne. Ruwa ya taɓa takardar.
Shafi na nawa kika ce?"